Bahon Inna: Sabo Ko Na Hannu?



Duk wanda ya taɓa sayen firji ko injin mota ko talabijin a ƙasar nan ya san kaya iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo fil a kwali. Akwai wanda ake kira ɗan Beljiyam, wato wanda aka mora a Turai sannan aka loda a kwantena aka kawo mana. Sai kuma na hannu, wanda wani ɗan ƙasa ya yi amfani da shi ya gaji, ko kuma wata buƙata ta taso masa ya ɗaga ya sayar. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, sau da yawa ɗan Beljiyam ya fi sabo daraja a idon mai saye. Makaniki zai dube ka ya ce, “Alhaji, rabu da sabon nan, nemi ɗan Beljiyam,” kuma ba wasa yake yi ba, domin ya san sabon da ke isowa gare mu galibi an ƙera shi ne don ya yi araha, ba don ya yi ƙarko ba. Wani abin dariya kuma, tsofaffin firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwanjo duk an taɓa sanya su cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, amma je ka kasuwa ka ba idonka abinci.

A shekarun da na yi a Ingila ban ga wanda ke jin kunyar sayen na hannu ba. Likita da direban bas a shagon gwanjo ɗaya za ka tarar da su suna ɗaga riga. Amma ka dawo gida, sai ka tarar an riga an yanke maka hukunci: wanda ya zo daga Turai ba ya sayen kwance. Wannan hukunci ne na yi karo da shi a kan maganar bahon wankan mahaifiyarmu, kuma shi nake so mu ɗan tattauna a yau.

Inna tana zaune a gidanmu na Kasuwan Magani, cikin ƙaramar hukumar Kajuru, a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Kachiya zuwa Kafanchan. Shekaru sun ja, gwiwoyi sun fara ƙin biyayya. Da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, sai ta koma yin salla a zaune, tashi daga tabarma kuwa sai an kama ta. Likitan da ke duba ta a Kaduna ya ce sanyin ƙashi ne irin na tsufa, ba a raba mutum da shi, lallaɓa shi ake yi da magani da motsa jiki da ɗumi. Ya ce zama cikin ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana sassauta gaɓoɓi, amma tunda tana da hawan jini kada ruwan ya yi zafi sosai, kada kuma ta daɗe a ciki, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Nan take tunanina ya tafi ga bahon nan mai ɗumama ruwa da kansa yana feso shi ta gefe, wanda jama'a ke kira jakuzi. Mu a nan kallon kayan 'yan gayu muke yi masa, alhali asalinsa magani ne. Jacuzzi sunan wasu 'yan'uwa ne 'yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya a Amurka, suna ƙera injin jan ruwa na noma. Ɗaya daga cikinsu, Candido, ɗansa ƙarami ya kamu da ciwon gaɓoɓi mai tsanani, sai ya ƙera masa ɗan injin da ake jefawa a baho yana motsa ruwa. A 1956 suka fara sayar da injin, a 1968 kuma Roy Jacuzzi ya fito da bahon da aka haɗa shi da injinsa gaba ɗaya. Ka ga ke nan abin da nake nema wa Inna shi ne ainihin abin da aka fara yin sa dominsa.

Kuma ruwan zafi ba baƙonmu ba ne. Wace ce a cikin iyayenmu ba ta yi wankan jego ba, kwana arba'in ana dafa ruwa a babbar tukunya ana fyaɗa shi da ganyen darbejiya? Har likitocin asibitin koyarwa na Zariya a shekarun 1970 suka yi rubuce-rubuce suna danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da wannan zafi da gadon wuta da kunun kanwa. Saboda haka da likita ya ce a kula da zafin ruwa, na san ba tsoratarwa yake yi ba. Su kansu masu ƙera jakuzi ba sa barin ruwansa ya wuce digiri 40.

Muka yi shawara da ƙannena, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ƙanena da ke Abuja ya kafe a kan sabo. Ya ce, “Yaya, kai fa daga Turai ka dawo. A ce ka sayo wa Inna kwance ta yi wanka a ciki? Me mutanen gari za su ce?” Ban raina maganarsa ba, don ba girman kai ba ne, son ya ga an darajanta uwa ne. Na bi shi muka je wani shagon kayan bayi a can Abuja. Bahon na da kyau, ba ƙarya, fari tas, ga fitilu masu canza launi, ga rediyo a jiki. Kuɗinsa kuwa miliyoyi, domin tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Amma ba farashin ne ya tsayar da ni ba. Tambaya uku na yi wa mai shagon. Idan allon da ke sarrafa shi ya ƙone, ina ake samun wani? Ya ce sai an yi oda daga waje. Wa zai gyara? Ya ce injiniyansu zai zo. Na ce har Kasuwan Magani? Ya yi murmushi. Garantin da kuke bayarwa ya haɗa da ɓarnar da wuta ke yi idan ta zo da ƙarfi ko ta zo rabi? Ya ce a'a, wannan kuma tsakaninka da masu wuta ne. To, mai karatu, a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, mene ne kuma ya rage a cikin garantin?

Ana nan sai wani abokina ya ce akwai wani masaukin baƙi a Kaduna da zai rufe, suna sayar da kayansu, ciki har da babban jakuzi na mutum huɗu, a kan kuɗin da bai kai rubu'in na sabo ba. Ƙanena ya ce in dai kwancen za a saya, to gara wannan, aƙalla ana gani an san kaya ne. Na ɗauki mai aikin famfon da ya yi mana aikin gida tun Baba na da rai, dattijo ne ɗan Adara, maƙwabcinmu, muka tafi tare.

Darasin farko da na koya daga gare shi: ba a sayen abin ruwa a bushe. Mun tarar an wanke bahon an goge yana ta ƙyalli, sai ya ce da manajan wurin a cika shi da ruwa a kunna. Aka yi ta 'yan kame-kame, ba dizal, mai makullin tanki ya fita, shi kuwa ya nemi benci ya zauna ya ce ba ma sauri. Da aka cika aka kunna, ya kwance allon gefe ya haska tocila. Bututai ne cunkus kamar hanjin rago, an lulluɓe su da soso, kuma a wuri biyu soson ya jiƙe ya yi baƙi. Ya ce ɗigo a irin wannan wuri sai ka farke soson duka kafin ka gano bakinsa. Ya nuna mini ɗan ƙarfen da ke manne a jikin injin, an rubuta 60, wato an yi shi ne don wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce. Irin wannan inji yana juyawa a nan, amma a sanyaye, yana ɗaukar zafi, har ranar da zai gaji. Sannan da ruwan ya fara fesowa sai ga wani baƙin datti mai yauƙi yana tasowa daga cikin bututan.

Wannan dattin shi ya fi tayar mini da hankali, domin na san labarinsa tun ina can. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Lejiyonela, wadda ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya kwanta, tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ba ta shan ruwan take kama mutum ba, ta shaƙar feshinsa ne, ta sauka a huhu. A 1999 a wani baje kolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, wani jakuzi da aka kunna don talla kawai ya yi sanadin mutuwar mutum sama da 20, mutanen da ko taɓa ruwan ba su yi ba, wucewa kawai suka yi ta gefensa. Tsofaffi ta fi kamawa. Ana kashe ta da sinadarin kulorin da tace ruwa kullum, amma tacewar sai injin yana juyawa, injin kuwa sai da wuta. A ɗauke wuta kwana uku, me ka ajiye wa tsohuwa a bayi?

Da muka fito na zauna a mota na yi lissafi a bayan takardar magani. Bahon yana cin lita 1,200, wato jarka 48 mai lita 25. Gaskiya ne ba kullum ake canza ruwan ba, a Turai sai ya yi wata uku, amma wannan ga wanda wutarsa ba ta yankewa ke nan. Mu da za mu riƙa zubarwa muna sakewa, kuma a watannin da rijiyoyi ke ja baya, jarka 48 ba wasa ba ce. Sai ɗumamawa. Kafin ka ɗaga lita 1,200 daga digiri 20, yadda ruwan tanki ke kwana da hunturu, zuwa 38, sai ka ƙona wuta yunit 25. Hitar da ke jikinsa mai kilowat 3 ce, wato awa takwas da ɗoriya tana ci ba ƙaƙƙautawa. A farashin Naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, ɗumamawa ɗaya ta haura Naira 5,600. Idan kuwa janareta za a tayar, ɗan ƙaramin nan na kallon ƙwallo ko motsa hitar ba zai yi ba, sai babba, ga fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san inda ya kai. Wato ko kyauta aka ba ni wannan baho, an ba ni doki ne ba a ba ni ciyawa ba. Kuma duk wannan lissafi ya hau kan sabon na Abuja daidai yadda ya hau kan kwancen.

Dattijon nan ne ya ce, “Ɗana, me likita ya ce Hajiya take bukata, ruwan ɗumi ko fitila mai launi? Mu je Panteka.”

Wanda bai san Panteka ta Kaduna ba, wuri ne da ba a yarda wani abu ya mutu. Maƙera da masu walda da kafintoci da 'yan gwangwan ne dubbai, kowa da layinsa, har Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta haɗa gwiwa da su wajen ba masu koyon sana'a takardar shaida. A layin masu kayan rusau muka tarar da bahunan wanka na da a jingine da bango, irin na zubin ƙarfe mai farin shafe kamar kwanon tasa, waɗanda aka ciro daga tsofaffin gidajen ma'aikata da ake sabuntawa. Masu gidajen sun cire su sun sa na roba, don a ganinsu tsohon yayi ne.

A nan na ga bambancin na hannu da na hannu. Wancan jakuzi duk abin da zai lalace a jikinsa a ɓoye yake. Wannan kuwa ba shi da ɓoyayyen wuri, abin da idonka ya gani shi ne. Dattijo ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya saurari ƙarar, ya ce mai tsagewa ba ya amsawa haka. Ya shafa tafin hannu a cikinsa yana neman inda shafen ya ɓare. Ya kifa shi ya duba bakin magudanar, inda tsatsa ke fara ci. Muka toshe da tsumma da leda, muka sayi ruwa wurin 'yan garuwa aka zuba, muka je muka ci abinci muka dawo, ruwa na nan inda muka sa masa alama. Uku muka gwada kafin muka tsaya a kan ɗaya. Kuɗinsa bai kai abin da na lissafa zan kashe a wata biyu wajen ɗumama wancan ba.

Saura tambaya ɗaya, wadda a wurina ta fi duk sauran nauyi: daga ina ya fito? Mai kayan ya fara da cewa daga gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan aka ciro shi, tun na zamanin Turawa. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma daɗin baki ne na 'yan kasuwa, don sun san muna son tarihi. Na ce masa ni ba tarihi nake nema ba, mai shi nake nema. Mutumin Kasuwan Magani ba ya wasa da wannan tambaya. Ranar Alhamis 18 ga Oktoban 2018, ranar da kasuwarmu ke ci, rikici ya ɓarke a garin, 'yan sanda suka ce mutum 55 ne suka rasu, ban da gidaje da shagunan da aka ƙone. Musulmi da Kirista duk sun yi asara, wasu sun bar garin ba su dawo ba har yau, duk da gwamnatin jiha ta sake gina kasuwar. Bayan irin wannan tashin hankali, a ko'ina ne, ƙofofi da tagogi da kwanon rufin gidajen da aka gudu aka bari sukan bi dare su shiga kasuwar kwance. Ba zan iya kai wa Inna abin da aka ɓalle daga gidan wani da ya tsere da ransa ba, ta shiga ciki tana neman lafiya. Da mai kayan ya ga da gaske nake, sai ya bar maganar Kafanchan ya kira ɗan kwangilar da ya sayar masa, shi kuma ya haɗa ni da mai gidan, wani tsohon ma'aikaci a Unguwar Rimi da 'ya'yansa suka gyara masa gida. Ya tabbatar, har ya ce a gaida mai jiki. Aka rubuta rasit, shugaban layin ya sa hannu.

Rasit ɗin ya yi rana, don sau biyu aka tambaye mu shi a shingen hanya. Bahon ya haura kilo 100, ƙarti shida suka ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi a bayan a-kori-kura, muka bi ta Sabon Tasha da Maraban Rido da Kujama a hankali kamar masu rakiyar amarya.

Inda ban yarda da na hannu ba shi ne duk wurin da wuta ke haɗuwa da ruwa. A Panteka an nuna mini hitoci 'yan Beljiyam a rabin kuɗi, na ce a'a, domin tukunyar hita daga ciki take ruɓewa, ba mai iya leƙawa. Na sayi sabuwa mai lita 50, da sabuwar waya mai kauri, da makunnin nan mai yanke wuta da kansa da zarar ta fara zurara, aka kuma binne sandar ƙarfe a ƙasa aka ɗaure mata waya. A waje aka kafa hitar, bayan bangon bayin, kuma doka ce a kashe ta kafin Inna ta shiga. Rarar kuɗin da aka tara nan ta tafi, sai magini da ya nutsar da bahon cikin daɓe don kada ta ɗaga ƙafa da yawa, da mai walda na bakin tasha da ya yi mata maƙamai biyu a bango, da shimfiɗar roba saboda santsi. Lissafin wannan kuwa mai sauƙi ne: jarka biyar ta rufe mata gwiwa da ƙugu. Hitar tana ɗumama nata rabon cikin awa biyu da yunit uku. Ranar da ba wuta, sai a ɗora babbar tukunya a murhu, tafasasshe jarka ɗaya da ɗan ƙari a kan na sanyi huɗu, a gwada da gwiwar hannu. Ruwan da ta gama da shi kuma bututu na kai shi gindin mangwaro da ayaba.

Da aka gama aka kira ta ta gani. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta dubi ƙanwata ta ce, “Tambaye shi, wa ya yi wanka a cikin abin nan?” Na ce, “Inna, wani dattijo ne da iyalinsa a Kaduna, yana ma gaishe ki.” Ta ce to ai da sauƙi tunda an san mai shi, amma duk da haka a wanke da toka da ruwan zafi sau uku. Ba kwancen ne ya dame ta ba ashe, abin da ta kasa ganewa shi ne yadda mutum mai hankali zai zauna cikin ruwan da ya wanke dauɗarsa ya ce ya yi wanka. Sai da muka yi yarjejeniya: ta yi wankanta da bokiti da kofi kamar yadda ta saba, sannan ta shiga baho don gashi, in ta fito ta sake ɗauraye jiki. Ta ce in dai gashi ne ta yarda, wannan ta san shi.

Ƙanena har yanzu in ya zo sai ya leƙa bayin ya girgiza kai, ya ce wata rana sai ya sayo mai fitilar. Gwiwar ba ta warke ba, likita ma bai ce za ta warke ba, amma a hunturun da ya wuce ta fi samun tsayuwa a sallar asuba, musamman washegarin ranar da ta yi gashi da yamma. Abu ɗaya da ya taɓa lalacewa shi ne robar toshe magudana, aka sayo wata ranar Alhamis a kasuwa. Yanzu kuma matar dattijon nan mai aikin famfo, wadda bayanta ke damun ta, tana shigowa duk Talata da Asabar bayan la'asar, ita da Inna su yi layi. Da ɗaurin itacenta take zuwa a ka, an ce ta bari ta ƙi.